Rijiyar da Na Rufe a Garin Surukaina

Da hutun da ya wuce jikana Mamman ya kawo abokansa uku daga jami'a, suka zauna a zaurena nan Dutsi suna shan shayi suna rabon darussa, wannan mai wuya, wancan mai sauƙi. Da aka zo kan darasin ruwa, wanda ake ba ƴan shekarar farko masu karatun injiniya, wani dogo a cikinsu ya ce ai wannan kyauta ne, ruwa dai gangara yake yi, sauran duk lissafi ne, lissafin kuma yana cikin waya. Mamman yana ta taka masa ƙafa. Dogon bai san cewa tsohon da ke kishingiɗe a gefe da wannan darasin ya ci abinci shekara talatin da wani abu ba. Ban tanka masa ba, baƙo ne kuma shayina yake sha. Na ce dai zan rubuta musu, su karanta in sun ga dama.

Darasin ba shi da yawa in da baki za a faɗe shi. Akwai ruwa a tsaye, yadda yake danna gindin tulu da bangon rijiya. Akwai ruwa a tafe, yadda yake gudu cikin bututu da abin da bututun ke cinyewa daga ƙarfinsa kafin ya kai inda aka aike shi. Sai famfo, abin da zai iya da abin da ba zai iya ba ko wane ne ya ƙera shi. Wata tara ake yi ana wannan. Yaro mai kai yana haddace shi a wata biyu, kuma irin wannan yaron na fi jin tsoro, don ni ma irinsa ne.

Da tano na fara, wato babbar gangar ajiye ruwa, ba da littafi ba. Dab da samun mulkin kai aka tura mu mu uku wata makarantar aikin ruwa a ƙasar maƙwabta, muka faɗa hannun wani Bature da muke ce wa Mai Lofe. Ranar farko na zo da sabon kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami biyu. Ya dubi kayen, ya miƙo mini bokiti. Akwai wani tano a bayan aji da aka huda wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, kowace huda da abin toshinta na itace. Aikina in cika shi, in zare toshi ɗaya, in riƙe agogo, in rubuta, in sake cikawa. Wata guda na yi a haka, takalmana ba su bushe ba. Da na gaji na ce masa ai na gane, hudar ƙasa ta fi ƙarfin fita saboda nauyin ruwan da ke kanta. Ya ce madalla, to in tanon rabi aka cika, minti nawa zai yi kafin ya ƙare? Na ce rabin lokacin. Ya ciro lofen daga bakinsa ya nuna mini bokitin da shi. Rabin tano ya fi rabin lokaci daɗewa, ku je ku gwada.

Na dawo gida an riga an sauke tutarsu an ɗaga tamu. Ƙasa na neman masu kafa famfo a ƙauyuka, babu su, sai aka buɗe wani ɗan aji nan Dutsi, ɗaki biyu a bayan filin da ake ajiye kamyon gwamnati, manyan motocin kaya, aka ce ni ne mushe, wato malamin aji da bakin Faransanci. Jami'a ba ta zo ba tukuna. Daga baya da ta zo, darasin nan ɗin dai aka ce in je in bayar, illa an ƙara masa baƙaƙen Girkanci da kujeru masu kyau. Ɗalibaina na farko goma sha biyu ne, biyu daga cikinsu sun girme ni. Kayan aikinmu allo da alli, da tiyo mai kauri da ake ganin ruwa a cikinsa, da igiyar awo mai ɗan ƙarfe a baki wanda ke cewa ƙwal in ya taɓa ruwa, da littafi guda da aka buga a Faransa cike da hotunan koguna, sai sandar lissafi. Wannan ta ƙarshe ba ku san ta ba. Tsawonta taƙi ɗaya da ɗan kai, da harshe a tsakiya da ake zamewa, tana ninkawa tana rabawa, amma ba ta gaya maka inda za ka sa waƙafi. Wanda bai san girman amsarsa tun kafin ya fara ba, sai ya kawo maka bututun da jaki zai shiga ciki ya juyo. Na sha karɓar irinsa a takardar jarrabawa.

Wani babba a biro, wato ofishin gwamnati, ya taɓa aikowa a kira ni, ruwa ba ya hawa gidansa na kan tudu. Na je na duba, bakin famfonsa ya fi tankin ruwan tudu da kamu biyu. Na gaya masa. Ya ce to a sa bututu mai kauri. Na ce ko mai kaurin kuka aka sa, ruwa ba zai wuce tsayin inda ya fito ba. Ya ce an kai ni karatu waje don in dawo in riƙa gaya wa manya abin da ba za a iya ba? Rabin sana'ar ke nan, kuma wannan rabin ba a gode wa kowa a kai. Malam Yohanna mai lambu shi ya fi sauƙin sha'ani. Ya ja siririn bututu daga tanonsa har ƙarshen lambu, ruwa na isa can yana ɗiga kamar hawaye. Na kai ɗalibai suka yi lissafi a ƙarƙashin mangwaronsa, suka ce in ya ninka faɗin bututun biyu, ruwan zai ninka kusan shida. Bai yarda ba, amma ya gwada. Tun daga nan ba mu sake sayen salati ba har aka rufe ajin.

Darasin da na fi alfahari da shi a kan dutsen garin nan nake yinsa. Mukan cika dogon tiyon da ruwa tam, mu toshe baki ɗaya, mu tsoma ɗayan cikin tano a gindin wani gefen dutsen da ya miƙe tsaye, sai mutum biyu su hau da bakin da aka toshe. Suna hawa ruwa na bin su. Metir biyar, yana nan. Bakwai, takwas, yana nan. Da sun wuce tara da rabi sai ruwan ya tsaya, su ci gaba da hawa shi kuwa ya ƙi, a bar tiyo fanko a sama. Sai in zaunar da su a kan duwatsu in gaya musu cewa famfo ba ya jan ruwa. Nauyin sararin da ke bisa kanmu ne ke danna ruwan rijiya yana tura shi cikin bututu, famfo wuri kawai yake buɗe masa, kuma iyakar nauyin ke nan da suka gani da idonsu. Littafi ya ce goma da ɗan kai. Dutsi da zafinta ta ce tara da rabi. Famfon ƙarfe kuwa, da fatarsa da yoyonsa, in ya ba ka bakwai ka gode wa Allah. Wanda ya fi kowa kama wannan darasi Isufu ne, ɗan garin Matankari, siriri, mai tambaya har ya gundure ka.

Kowane aji da aiki na gaske ake rufe shi. An ba mu famfon hannu guda, irin mai tsotso daga sama, da siminti da ƙarafan zubi, aka ce mu zaɓi gari. Na zaɓi wani ƙauye a yankin Tibiri. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsu suna gaishe ni a kasuwa har yau. A takarda na rubuta cewa na zaɓe shi don ruwansa na kusa kuma ciwon ciki ya dami yaransa, duka gaskiya ne. Abin da ban rubuta ba, garin su maiɗakina ne, aurenmu bai shekara biyu ba, kuma ina so mutanen garin su ga irin surukin da suka samu.

Rijiya ɗaya ce a garin, tsohuwa, mai faɗin baki, guga takwas na shiga a lokaci guda. Kuma rijiyar tana da mai ita, ko da yake ba a rubuce ba, wato mahaifiyar maiɗakina. Duk garin Inna suke ce mata, ni ma a nan zan tsaya, ban taɓa faɗin sunanta ba kuma ba yau zan fara ba. Ita ke raba faɗa a bakin rijiya, ita ke cewa yau shanu su jira, ita ke sanin ranar da za a yashe. Ku ƴan yanzu kuna kiran surukarku a waya har ku yi dariya tare. Mu a lokacin, in na hango ta tafe a hanya sai in tuna ina da wani uzuri a bayan rumbu. Ita ma haka. In gaisuwa ta zama dole, daga nesa ce, a tsugune, takalmi a hannu, ido a ƙasa, kalma uku a tashi.

Awon rijiyar muka je yi bayan an gama girbi, shekarar da damina ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa a gonaki da yawa. Na tashi ɗalibai muka isa bakin rijiya gari bai gama wayewa ba. Na ce musu don sanyin safiya ne. Gaskiyar ita ce ina so mu gama mu bar wurin kafin mata su fito, don na san wadda za ta zo a gabansu. Isufu ya saki igiyar awo, ƙarfen ya ce ƙwal a metir biyar. Ruwan ya kwana ba wanda ya taɓa shi, kuma kaka ce, wato duk cikin shekara ba ranar da ba sa'ar da rijiyar ta fi cika kamar wadda muka zaɓa. Na rubuta biyar da tawada, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Mushe," in ji Isufu, "mu dakata matan su hito mu tambaye su? Su ka jan ruwan ga kullum."

Na ce, "Mai gari za mu tambaya. Shi na babba."

Mai gari ya karɓe mu da fura, ya saurara har na gama bayani.

"Rijiyag ga? Tun kakan kakana ba ta taɓa ƙahewa ba. Ku sa ƙarhenku."

Bai yi ƙarya ba, ba ta taɓa ƙafewa ba. Shi dai rabonsa da igiyar guga tun yana yaro, ni kuma ban tambaye shi ko ruwan yana sauka ba.

Bayan kamar sati biyu maiɗakina ta je ganin gida ta dawo da wata igiyar guga a naɗe, tsohuwa, an yi mata ƙari wuri-wuri, kowane ƙari da ƙullinsa, na ƙarshen har ya yi baƙi.

"Inna ta ce a ba ka. Ta ce ka auna ta kahin ku zuba siminti."

Na warware ta a tsakar gida, ta ninka biyar ɗina sau biyu da wani abu. Na gane sarai igiyar rijiyar ce, na kuma gane abin da ake so in yi da ita. Amma ina da biyar a kaye, da tawada, wadda na auna da kayan awon Faransa a gaban ɗalibai goma sha biyu. Na ce a raina tsofaffi dama ba sa yar da komai, igiya ta tsinke su ƙulla, ta ƙara tsinkewa su ƙara. Na ce a gaya wa Inna na gode ƙwarai. Muna da wani rago a lokacin mai yawan tsinkewa, na ɗaure shi da ita, ta kuwa riƙe shi.

Murfin da muka zuba wa rijiyar nan, ban sake zuba siminti mai kyansa ba har na bar aiki. Kaurinsa taƙi guda, ƙarfe a saƙe cikinsa kamar tabarma, kuma na haɗe shi da tsohon bakin rijiyar. A zanen littafi akwai ƴar ƙofa da ake bari a gefe. Ni na soke ta. Na ce in aka bar ƙofa mata za su ci gaba da zura guga mai ƙasa, aikin tsabta ya tashi a banza. Isufu ya ɗaga hannu, na ce ya sauke. Kafin simintin ya bushe na ɗauki ƙusa na rubuta cewa aikin gwamnati ne, da sunan ajinmu a ƙasa. Ran buɗewa an zo da makaɗa, manyan biro sun zo da mota, mai gari ya kama hannun famfo ya danna sau huɗu ruwa ya zubo fari tas. Aka yi guɗa. Wani maroƙi ya ce ni ne na sa ruwa ya hau sama da ƙafarsa. Na cire hulata na ba shi.

Tafkuna sun ƙafe da wuri a shekarar, Fulani suka gangaro kwari da shanu tun sanyi bai fita ba, famfo na aiki daga asuba har magariba. Da zafi ya shigo aka fara aiko mini cewa sai an ɗura masa ruwa ta sama kafin ya kama. Na aika da sabuwar fata. Aka ce hannun ya yi nauyi, mace biyu ke danna shi. Na aika da mai. Sai wata ranar kasuwa, ina tsakiyar darasi, ƙanen mai gari ya tsaya a ƙofar aji da sandarsa, bai tsawaita gaisuwa ba.

"Mushe, ƙarhenku ya mutu. Yau kwana huɗu."

"To mi kuka sha?"

"Mata na tahiya rijiyar wani gari, su hita da asuba su komo azahar da tulu guda-guda. Bisashe sun hwara hwaɗuwa. Mai gari ya ce in ba a buɗe ba nan da jibi mutane za su watse, tsohhi ko ba su iya tahiya."

Na tambaye shi abin da ya hana su fasa murfin. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kayan gwamnati, da rubutu bisa? Wa za ya shiga kaso?"

Muka ɗauki kamyo da ɗalibai duka, da guduma da ƙarafan fasa dutse, muka biya muka ɗauki Nomau maƙeri wanda ke yi mana gyaran ƙarfe. Mun isa da la'asar. Ba makaɗa. Tuluna ne jere fanko kewaye da murfina mai kyau, shanu kuma tsaye a bayansu ba sa ko kuka. Isufu ya kwance kan famfon ya zura igiyar awo ta hudar bututu. Tana tafiya, tana tafiya. Ƙwal. Ya riƙe wurin da yatsa ya kawo mini, metir tara da ɗan kai. Sauran ɗaliban suka sunkuyar da kai. Dukansu sun hau dutsen nan tare da ni, dukansu sun ci wannan tambayar a jarrabawa, ni na ba su makin da hannuna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba wurin ɓuya, don duk garin suna tsaye suna jiran abin da mushe zai ce.

Yini guda da rabi muka yi muna sassaƙa ƙofar da na soke. Simintin, kamar yadda na gaya muku, mai kyau ne. Ba mu iya fasa shi duka ba, don in ya tafi da bakin rijiyar zai tafi, su rufta ciki tare. Abin da muka samu rami ne da guga ɗaya ke wucewa, ko mutum ɗaya marar ƙiba. Mata suka fara ja nan take. Amma guga ɗaya a garin da ya saba da takwas, ga shanu, bai isa ya hana kowa ɗaure kaya ba. Dole famfon ya tashi.

Maganin yana cikin darasin, shafi na gaba. In ruwa ya yi wa famfo nisa sai famfo ya bi shi. A cire silandir, wato gwangwanin tagullar da fata ke hawa da sauka a cikinsa, a saukar da shi cikin rijiya kusa da ruwa, a ƙara wa sandarsa tsawo, ya riƙa turo ruwan daga ƙasa. Turi ba shi da iyakar nan ta tara da rabi. Nomau ya ce zai haɗa sandar in an ba shi gawayi da mai zuga. Tambaya ɗaya ta rage, har ina ruwan zai sauka kafin damina. Saura wata biyu, kuma su ne masu zafin. Bututun da ke hannunmu kaɗan ne, in na yanka ba daidai ba sai an aika Yamai, babban birni, a jira. In na tsaya sama, a maimaita wannan abin kunya. In na zarce, bakin bututu ya nutse cikin laka ya toshe.

"Mushe," Isufu ya ce a hankali, "na ji an ce akwai wata igiya da anka aika maka."

"Tana Dutsi."

"A tura kamyo?"

"Rago ya ci rabinta."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Na ce ya je ya tambayi Inna. Tana zaune da tsofaffin mata a gindin wata aduwa, inda take ganin rijiyar sarai. Ya je ya tsuguna, bai daɗe ba ya dawo.

"Ta ce ta riga ta aika da amsa tun da kaka. Ta ce ba ta da wata."

Na cire takalmana tun daga bakin rijiya. Yashin bazara da rana tsaka, kun san shi. Na taka har inuwar aduwar na tsuguna nesa da ita kamar tsawon tabarma biyu. Wasu daga cikin matan suka ja zane suka rufe baki. Ita tun ina tafe ta juya mini baya.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya."

A nan ya kamata in tashi. Ban tashi ba.

"Inna, kun aiko da igiya ban auna ba. Laihina na. Ina roƙo a gaya mini, in shekara ta ɓaci ƙwarai, ruwan ga har ina yaka kai?"

Ba ni ta amsa wa ba. Ta dubi ƙawarta Tabawa da ke zaune gefenta, ta ɗaga murya yadda har na bakin rijiya za su ji.

"Tabawa, gaya ma mai tambaya. Ƙulli na hwarko na kaka na, gaba ukku da kamu. Na biyu in sanyi ya hita, huɗu da rabi. Na ukku bazara irin ta kullum, biyar da rabi. Baƙin na ƙarshe, shekarar yunwa niƙ ƙulla shi ina amarya, gaba bakwai da kamu. Bana ba ta kai waccan ba tukuna, amma hanyatta taɗ ɗauka."

Tabawa ta juyo ta maimaita mini duka, kalma-kalma, kamar ban ji ba. Na gode mata.

Sai dai gaba ba metir ba ne. Hannun Nomau daban, nawa daban, igiyar kuwa da nata hannuwan ta auna ta. Ba a taɓa yin surukin da ya miƙa ma'auni a jikin surukarsa ba, ni kuwa ba zan zama na farko ba. Ina tsugune ina neman yadda zan faɗa, sai ta riga ni. Ta sa aka miƙo mata dogon karan dawa, ta miƙe tsaye, bayanta dai gare ni, ta buɗe hannuwa a kansa, ta karye abin da ya yi saura, ta jefar da karan gefe kamar shara. Isufu ya ɗauka ya auna, metir ɗaya da rabi da yatsa uku. Muka zame sandar lissafi ta ba mu sha ɗaya da ɗan kai, ni na sa waƙafin. Karan nan na tafi da shi Dutsi, daga baya Yamai, ya yi shekaru jingine a gefen allo har gara ta cinye shi. Ɗalibai sukan ɗauka na duka ne. Duk wanda ya kawo mini zurfin rijiya a takarda, kafin in dubi lissafinsa sai ya gaya mini wane wata ya auna, da wane lokaci na yini, da kuma wadda ya tambaya. Wasu sun kai ƙarata cewa wannan ba ya cikin littafi. Gaskiyarsu, ba ya ciki.

Washegari da safe ni na shiga rijiyar. Ba jarumtaka ba ce, ramin bai ɗauki mai ƙiba ba, kuma ban ga fuskar da zan tura ɗan wani ba. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, maza shida na garin suka riƙe, mutanen da na hana ruwa kusan mako guda. Na ji tsoro ƙwarai. Sun sauke ni a hankali fiye da yadda na cancanta. A metir takwas na haƙa gurbi biyu a bango na kafa gungumen giginya, na ɗaure silandir a kai, bakin bututun tsotso kuma na sauke shi har sha biyu da rabi, ƙasa da baƙin ƙullin Inna, sama da laka. Da hasken da ke shigowa ta ramin na ga bangon rijiyar da zobe-zoben tsohon ruwa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Da mun zo da hantsi ranar awo, ko leƙawa muka yi da mun ga na sama.

Da la'asar Nomau ya ɗaura sandar ƙarshe. Ba wanda ya taɓa hannun famfon, kowa na jiran wani. Isufu ya kama. Sau goma ba komai sai kukan ƙarfe. Sha biyar, haka. Wajen ashirin da wani abu bututun ya yi tari, ya tofar da iska, sai ga ruwa ja wur, da tsatsa da yashi da garin simintin da muka sassaƙa. Ba a yi guɗa ba. Mai gari ya ce a bar shi ya yi ta zuba har ya washe.

Kafin ya washe Tabawa ta ratso mutane da ƙwarya, ta tara, ta cika ta, ta kawo mini inda nake zaune da laka har wuya.

"Inna ta ce a kawo ma mai aikin. Shi yar ruhe, shi yab buɗe, shi za ya hwara sha."

Na duba ƙwaryar, ban ga gindinta ba. Na duba ɗalibaina, kowa ya sami abin kallo a sama. Na karɓa da hannu biyu, na yi bismilla, na shanye, yashi na ƙara a haƙorana, na kife ƙwaryar don a gani. Tabawa ta karɓa ta koma gindin aduwa. Suka yi magana, ta sake dawowa.

"Ta ce a tambaye ka ko a ƙaro."

Na ce a gaya mata na gode, ya isa.